Bana Littafin Wa Zai Ci Kasuwar Kirsimeti a Ayislan?

Tafiyar yau mai nisa ce, domin za a yada zango ne a Ayislan, wani tsibiri can ƙuryar arewacin tekun Atlantika, ƙasar ƙanƙara da duwatsu masu aman wuta. Duk shekara da zarar Nuwamba ya kama, mutanen tsibirin sukan tsunduma cikin wata gardama da ba ta lafawa sai an sha bikin Kirsimeti. Ana yin ta a ofis, ana yin ta a gidan shan gahawa, ana yin ta har cikin kududdufan ruwan zafi da suke shiga su gasa jiki bayan an tashi daga aiki. Tambaya ɗaya ce tal ake ja-in-ja a kanta: bana littafin wa zai fi shiga ƙunshin kyauta?

Kada mai sauraro ya ɗauka wasa ne. Mutanen Ayislan kakaf ɗinsu ba su kai 400,000 ba, ƙaramar hukumar Dala kaɗai a Kano ta zarce haka tun a ƙidayar 2006. Harshensu kuwa, in aka ɗebe 'yan tsirarun da ke zaune a ƙetare, babu mai jin sa sai su. Duk da haka, a 'yan makonnin da ke gaban Kirsimeti ake zubo sababbin littattafai ɗaruruwa cikin wannan harshe, kusan a lokaci guda, har suka raɗa wa abin suna Jolabokaflod, ambaliyar littattafan Kirsimeti. Kamfanonin ɗab'i da yawa a waɗannan makonni suke samun kaso mafi tsoka na cinikin shekara. Wanda kasuwar Disamba ta juya wa baya, to sai dai ya jira baɗi.

Asalin abin a gurguje. A watan Mayun 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Birtaniya suka sauka a tsibirin, a 1941 na Amurka suka canje su. Aka buɗe ayyukan gina barikoki da hanyoyi da filayen jirgin sama, talakan da bai saba riƙe tsabar kuɗi ba ya wayi gari da albashi. Ga kuɗi a aljihu, ga kantuna wayam, saboda an ƙuntata shigo da kaya daga waje. Takarda ce ba a matsa mata sosai ba. Sai littafi ya zama abin da mutum zai naɗe ya miƙa wa ɗan'uwansa ba tare da jin kunya ba. Ƙasar ta rabu da sarautar Denmak a 1944, yaƙi ya ƙare, kaya suka dawo kantuna, al'adar kuma ta zauna daram.

Amma yaƙi kaɗai bai isa ya bayyana irin ƙimar da littafi ke da ita a wurin mutanen nan ba, kuma a nan akwai labarin da ya cancanci a ɗan zauna a kansa. A ƙarni na 13 da na 14, malaman coci da manyan manoma na tsibirin sun rubuta labaran kakanninsu a kan fatar maraƙi: wa ya fara sauka a wane kwari, wa ya kashe wa, wa ya biya diyya, wa ya ƙi karɓa. Mafi girma a cikin waɗannan kundaye shi ne Flateyjarbok, wanda aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na 14. Warƙarsa 225, kuma an ƙiyasta cewa sai da aka feɗe maruƙa 113 kafin a sami fatar da ta ishe shi. Maruƙa 113, masu sauraro, a ƙasar da ciyar da saniya ɗaya ta ƙetare hunturu jan aiki ne.

Zamani ya juya, takarda ta shigo, talauci ya yi katutu, tsofaffin fatun suka koma tarkace a gidajen gona. A farkon ƙarni na 18, wani masani ɗan ƙasar mai aiki a Kwapanhagan, babban birnin Denmak, Arni Magnusson, ya shafe shekaru yana zagaya tsibirin, yana bi gida-gida yana tsintar su. A cikin abin da ya tara akwai warƙar da aka yanke aka mai da ita ma'aunin yankan riga. Akwai wadda aka huhhuda aka mai da ita rariyar tankaɗen gari. Ya kwashe su zuwa Kwapanhagan, sai ga gobarar 1728 ta cinye babban yankin birnin, har da gidansa. Da kyar aka fitar da akasarin fatun, littattafansa na ɗab'i da takardu masu yawa kuwa suka ƙone. Shi Flateyjarbok ba ya cikin kayan Arni, domin tun a 1656 wani bishop mai suna Brynjolfur ya aika wa sarkin Denmak da shi. Kyautar littafi ce ita ma, sai dai wannan ta ɗauki fiye da shekara 300 kafin a dawo da ita.

Bayan samun 'yanci, Ayislan ta ce a ba ta kayanta. Aka yi ta tafka muhawara a majalisar Denmak, har magana ta kai kotu. Ranar 21 ga Afrilun 1971, wani jirgin ruwan sojan Denmak mai suna Vaedderen ya tsaya a tashar Reykjavik, babban birnin Ayislan, ɗauke da kundaye biyu, Flateyjarbok da wani ƙaramin kundin tsofaffin waƙoƙi. An sallami 'yan makaranta, dubban mutane suka cika bakin teku da tutoci a hannu, gidan talabijin na ƙasa ya nuna saukarsu kai tsaye. Littattafai biyu aka fito tarya kamar ana taryar sarki. Sauran suka riƙa biyowa sannu a hankali har zuwa 1997. Ƙara da cewa jikokin mutanen da ke zama da dare ana kaɗin ulu, mutum ɗaya na karanta wa 'yan gida littafi da ƙarfi, su ne masu sayayyar yau, kuma ɗansu Halldor Laxness ya ciyo kyautar Nobel ta adabi a 1955. Wanda ya miƙa littafi a irin wannan gida ya san ba a raina kyautarsa.

To, a dawo kan canke. Ana buɗe fagen ne da wani kundi mai suna Bokatidindi, wanda ƙungiyar masu buga littattafai ke fitarwa a Nuwamba. Shekara da shekaru an riƙa jefa shi kyauta a akwatin wasiƙun kowane gida. Kowane sabon littafi na ciki, da hoton bangonsa da ɗan bayani na layi uku ko huɗu, kuma an yi shekarar da suka haura 800. Yara su ɗauki biro su zagaye waɗanda suke so, su ajiye kundin inda uwa za ta gani. Manya ma haka suke yi, sai dai cikin dabara.

A cikin ɗaruruwan nan, duk wanda ya san harkar in aka ce ya canka ido rufe, suna ɗaya zai kira: Arnaldur. A can da sunan yanka ake kiran kowa, sunan uba ya biyo baya, har littafin lambobin waya ma da sunan yanka aka jera shi. Arnaldur Indridason, Arnaldur ɗan Indridi ke nan, an haife shi a 1961, kuma ɗan jarida ne mai sharhin fina-finai a jaridar Morgunbladid kafin ya fitar da littafinsa na farko a 1997. A lokacin mutane da yawa gani suke labarin ɗan sanda mai binciken kisa ba zai karɓu a Ayislan ba. Ina kisan yake? A mafi yawan shekaru da yatsun hannu ɗaya ake ƙirga kisan kai a duk faɗin ƙasar, 'yan sandan sintiri ma ba sa rataya bindiga.

Sai ya ƙago Erlendur, jami'in bincike mai ɗaurarriyar fuska, aurensa ya mutu, 'yarsa ta faɗa shaye-shaye, yana zaune shi kaɗai yana cin dafaffen kan tunkiya. Tun suna yara guguwar ƙanƙara ta rutsa da shi da ƙanensa a kan tsauni, shi aka same shi, ƙanen ko gawarsa ba a gani ba. Da wannan ciwo yake bin kowace shari'a, kuma ciwo ne da kusan kowane dangi a tsibirin ya sani, domin tsauni da teku sun daɗe suna cin mutane ba a ga gawa ba. Littafinsa Myrin na shekarar 2000 shi ya buɗe masa ƙofa. Arnaldur ya ci kyautar labaran bincike ta ƙasashen arewacin Turai sau biyu a jere, 2002 da 2003, sannan a 2005 ya ɗauke babbar kyautar marubutan labarin laifi ta Birtaniya. Bayan wannan ne masu kyautar suka sake doka, suka ware wa littattafan da aka fassara nasu rukunin daban. Mai sauraro ya yi wa wannan fassarar da ya ga dama.

Tun daga nan, duk 1 ga Nuwamba sabon littafin Arnaldur na kan kanta. Ba ya son hira da 'yan jarida, ba a cika ganin sa yana yawon talla ba, amma shekara bayan shekara sunansa ne a saman jerin littattafan da suka fi ciniki.

Me ya sa? Iya rubutu na ciki, babu ja. Amma akwai abin da mai kintace ke mantawa, kuma shi ne gishirin maganar: a wannan kasuwa, mai sayen littafi ba shi ne mai karanta shi ba. Mace ta shiga kanti da sunaye goma a takarda. Aminiyarta, ta san ranta, sai ta ɗaukar mata diwanin waƙoƙin wata sabuwar marubuciya. Surukinta fa? Kawun mijinta da sau biyu take ganin sa a shekara fa? A nan ba a kasada. Ana neman littafin da ba zai ba da kunya ba, mai kauri, mai bango mai ƙarfi, mai sunan da kowa ya sani. Saboda haka jerin littattafan da suka fi ciniki a Disamba ya fi nuna taka-tsantsan ɗin masu bayarwa fiye da ɗanɗanon masu karatu. Kuma abin na ciyar da kansa: ƙungiyar masu ɗab'i na fitar da jerin mako-mako, jaridu su buga, mai sayayya cikin gaggawa ya duba na sama ya ɗauka, na saman ya ƙara nisa.

Masu bin sa a ƙafa su ma labarin laifi suke rubutawa. Yrsa Sigurdardottir injiniyar gine-gine ce, ta yi aiki a babbar madatsar ruwa ta Karahnjukar a gabashin ƙasar, ta fara da littattafan yara, a 2005 ta koma labarin kisa, daga baya ta haɗa da na fatalwa. Ragnar Jonasson kuwa lauya ne wanda tun yana ɗan shekara 17 ya fara fassara littattafan Agatha Christie zuwa harshensu, sai da ya fassara 14 kafin ya tsaya da ƙafarsa. Shekaru da yawa mai canke bai da wani aiki illa jera waɗannan sunaye uku: wa zai zo na ɗaya, wa na biyu, wa na uku. Marubutan da masu sharhi suka fi yabo, irin su Jon Kalman Stefansson da Audur Ava Olafsdottir, sukan shiga jerin, su yi ciniki mai kyau, amma kambun ya fi zama a gidan masu gawa da ɗan sanda.

Sai dai wani lokaci lissafi kan watse, kuma nan ne daɗin wasan yake. A 2020, shekarar korona, littafin da ya fi ciniki babu kisa a cikinsa. Sunansa Snerting, na Olafur Johann Olafsson, mutumin da ya yi shekaru a Amurka yana manyan muƙamai a kamfanonin Sony da Time Warner, yana rubutu a gefe. Labarin wani dattijo ne mai gidan abinci a Reykjavik, wanda annoba na kunno kai ya rufe gidan abincinsa, ya kama hanyar Landan, daga can ya wuce Japan, yana neman wata mace da ya so shekara 50 da suka wuce ta ɓace masa ba sallama. A shekarar da aka hana mutane musafaha da ziyarar tsofaffinsu, labarin dattijo mai tseren lokaci don ya ga masoyiyarsa ya zama abin da kowa ke son miƙa wa wani. An mai da shi fim a 2024.

Na 2022 ya fi ban dariya. Ragnar ya haɗa hannu da wata abokiyarsa suka rubuta labarin wata yarinya da ta ɓace a tsibirin Videy, daf da Reykjavik, a 1956, sai wani matashin ɗan jarida ya tono maganar a 1986, shekarar da Reagan da Gorbachev suka yi ganawarsu a birnin. Abokiyar rubutun nasa ita ce Katrin Jakobsdottir, kuma a lokacin ita ce firaministar ƙasar, tana kan kujera. Littafin, mai suna Reykjavik, shi ya zo na ɗaya a shekarar. Ga inda abin ya ƙara armashi: digirin Katrin na biyu a fannin adabi ne, kuma a kan littattafan Arnaldur ta rubuta kundin bincikenta. Ta yi masa nazari ciki da bai, sannan ta zo ta sha gabansa a kasuwarsa. Wa zai ƙi sayen littafin kisa da firaminista ta rubuta, ko don a sami abin hira a kan tebur? A duka shekarun biyu, abin da ya kayar da sananne shi ne wani labari da ke wajen littafin, wanda mai bayarwa zai iya faɗa yayin da yake miƙa ƙunshin.

Ƙwararrun masu kintace ba sa dogara da sa'a, alamu suke bi. Suna kallon shirin Kiljan na talabijin ɗin ƙasa, inda Egill Helgason da masu sharhinsa ke yi wa sababbin littattafai filla-filla. Yabo a wannan shiri kan motsa ciniki. Suna jiran farkon Disamba a ji waɗanda aka tsayar takarar kyautar adabi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1989, domin da an sanar sai a manna wa bangon littafin tambari, tambarin kuma na jan ido. Suna lura da marubutan da ke zagaya ma'aikatu da gidajen gahawa suna karanta wa mutane shafi biyu-uku a lokacin hutun rana. Suna kuma leƙa manyan kantunan kayan abinci irin su Bonus, waɗanda a Disamba suke jibge littattafai kusa da madara da burodi, suna karya farashi, har ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa na bin kantuna tana buga wa jama'a inda ya fi araha. Kantin abinci ba ya ɗaukar littafi 800, 'yan kaɗan yake zaɓa, kuma wanda bai shiga ba ya riga ya yi nisa da kambu.

Mai ɗab'i shi ma cankar yake yi, amma da kuɗinsa. Yawancin littattafan yanzu a ƙasashen waje ake buga su, a ɗauko su ta teku. In ya buga kaɗan littafi ya karɓu, kafin bugu na biyu ya iso biki ya wuce. In ya buga da yawa aka ƙi saye, ya kwana da kwalaye.

Ranar 23 ga Disamba kantuna kan kai dare a buɗe, titin Laugavegur na Reykjavik ya cika maƙil da masu sayayyar ƙarshe, a garin da a wannan lokaci hasken rana wajen awa huɗu ne kacal. Kashegari da yamma, gidan rediyon ƙasa na yin abin da ma'aikacin rediyo ko'ina zai ji gabansa ya faɗi: minti 15 kafin ƙarfe shida sai tashar ta yi tsit, ba kiɗa, ba magana, kuma mutane na kunna akwatinsu don su saurari wannan shirun. Shida na bugawa ƙararrawar babban cocin Reykjavik ta kaɗa, a zauna cin abinci, a gama a buɗe ƙunshi.

Jaridun ƙetare na son su ce daga nan kowa sai ya haye gado da sabon littafi da cakulan, ƙasa gaba ɗaya ta kwana karatu. Sukan ƙara da cewa mutum ɗaya cikin goma a Ayislan zai wallafa littafi a rayuwarsa. Maganganu ne masu daɗin faɗa, an fi jin su a bakin baƙi da masu tallan yawon buɗe ido. Akwai masu kwana karatun, akwai kuma masu kwana kan waya. Cinikin littafin takarda ya ja baya sosai bayan durƙushewar bankunan ƙasar a 2008, sakamakon yaran Ayislan a gwajin karatu na ƙasa da ƙasa yana ta sauka, Ingilishi kuma na shigo musu ta kowace na'ura.

Akwai kuma zagaye na biyu da jerin Disamba ba ya nunawa. Kantuna kan manna wa littafi wata 'yar takardar canji, muddin ba a yage ledarsa ba ana iya mayar da shi bayan biki. Dattijon da 'ya'yansa uku kowa ya yi masa taka-tsantsan iri ɗaya zai tashi da kwafi uku na littafi guda. Da an buɗe kantuna sai ga layi, kowa da zakaran bana a hammata, ya ajiye, ya ɗauki wanda ransa ke so tun farko, tarihin wani matuƙin jirgin kamun kifi ko littafin saƙa.

Lokaci ya ƙure mana, ga littattafan yara ba a taɓa su ba, alhali sukan mamaye gurabe da dama a goman farko, kuma marubuta irin su Gunnar Helgason da mawaƙiya Birgitta Haukdal kan yi kafaɗa da kafaɗa da manyan. Ga littattafan sauraro na Storytel da suka janye masu karatu da yawa. A taƙaice dai, tun 2019 gwamnati ke mayar wa masu ɗab'i kashi 25 cikin 100 na kuɗin da suka kashe wajen fitar da littafi cikin harshen ƙasar, kuma wajen ƙarshen Fabrairu ƙungiyarsu kan buɗe babbar kasuwar rangwame a Reykjavik, inda kwalayen da aka yi kuskuren cankarsu a shekarun baya ke fitowa a farashi mai rahusa.